Shin da gaske an samo ƙananan na'urorin da ke shiga jini su kashe sankara?

Sadiq_Funtua
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp, an nuna wasu ƙananan na'urori masu ƙafafu suna iyo cikin jini suna cinye ƙari. Mai bayani yana cewa masana a Amurka sun gama da sankara, cikin kwana biyu ƙarin ke mutuwa, ba kemo, ba gashin ƙari da na'ura, ba tiyata. A ƙarshe har da lambar wayar wani mai haɗa mutane da asibiti a waje. A ganina duk wata magana ta fasahar nano, wato ta ƙera ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, a kan sankara talla ce kawai. Amma akwai masu ilimin abin a nan, ku warware mana, domin masu jinya suna tura wa juna suna tambayar ko su dakatar da kemo su jira.

Dr_Halima
Wa alaikumussalam Malam Sadiq. Kafin a shiga bayani: kada kowa ya dakatar da kemo saboda bidiyo. Zagayen kemo an tsara shi ne da lissafi, galibi duk mako uku, don ɓargo ya farfaɗo amma ƙarin bai samu damar dawowa ba. Wanda ya tsallake zagaye biyu ko uku ya ba cutar fili.

Malam_Kimiyya
Hoton da ke cikin bidiyon zane ne na kwamfuta, babu wata na'ura mai ƙafafu a jinin kowa. Amma labarin yana da tushe, kuma gara mu san tushen. A 2018 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona da takwarorinsu na ƙasar Sin suka wallafa aiki a mujallar Nature Biotechnology. Sun naɗe zaren DNA ya zama faifai mai tsawon nanomita 90 da faɗin 60, suka manna masa thrombin, sinadarin da ke daskarar da jini, sannan suka nannaɗe faifan ya zama bututu, suka kulle shi da wani guntun DNA da ke gane furotin mai suna nucleolin a bangon jijiyoyin ƙari. Idan bututun ya ci karo da nucleolin sai ya buɗe, thrombin ya fito, jini ya daskare a jijiyar da ke ciyar da ƙarin.

A ɓeraye aka gwada. A rukunin masu sankarar fata, uku cikin takwas ƙarinsu ya ɓace, tsawon rayuwar rukunin ya tashi daga kwana 20.5 zuwa 45. An kuma yi wa wasu ƙananan aladu allurar don a ga ko jini zai daskare inda bai kamata ba. Aiki ne mai kyau ƙwarai a matsayinsa. Sai dai ɓeraye takwas ne, kuma ba magani ba ne da wani asibiti a duniya ke da izinin bayarwa.

Famasist_Nura
Malam Sadiq, inda zan saɓa maka shi ne cewa duka talla ce. Akwai magungunan nano na sankara da ake bayarwa yau shekara kusan talatin. Doxil ya samu izinin FDA, hukumar magunguna ta Amurka, a 1995. Tsohon maganin nan ne ja, doxorubicin, aka ɗura shi cikin ƙunshin kitse mai faɗin kusan nanomita 90, aka lulluɓe bayansa da wani sinadari, PEG, don kada hanta ta yi saurin kama shi. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, ƙwayar jan jini guda ta kai nanomita 7,000. Abraxane ya zo a 2005, shi kuma paclitaxel ne aka haɗa da furotin albumin, ƙwayarsa nanomita 130.

Abin tambaya shi ne me suka ƙara. Doxorubicin yana lalata naman zuciya, shi ya sa ake lissafa jimillar abin da mutum ya karɓa a rayuwarsa, ba a son ta wuce miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta jiki. An yi gwaji da mata 509 masu sankarar mama da ta bazu, aka wallafa a 2004: rabi suka karɓi na ƙunshi, rabi tsohon. Tsawon rayuwa wata 21 da wata 22, wato kusan ɗaya ne. Ribar ita ce zuciya ta fi tsira, zubewar gashin kai da amai sun ragu. Riba ce ta gaske. Amma bai warkar da kowa fiye da tsohon ba.

Nas_Rabi
Kuma ya zo da tasa matsalar. Da yake yana daɗewa yana zagaye a jini, kwana biyu zuwa uku kafin rabinsa ya fita, yana taruwa a fatar tafin hannu da tafin ƙafa. Su yi ja, su kumbura, su saluɓe, wani ma taka ƙasa ya gagare shi. Ga gyambon baki. Wajen sawa ma akwai ƙa'ida: da ruwan suga na kashi 5 kawai ake sirka shi, ba da ruwan gishiri ba, ba a sa masa matata a layin ƙarin ruwa, kuma karon farko ana farawa da miligiram 1 a minti ɗaya, domin wasu jikinsu kan tayar nan take, fuska ta yi ja, numfashi ya sarƙe, baya ya ɗauki ciwo. A firji yake zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kada ya daskare. Inda wuta ba ta tsayawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba a kuma musanya shi da tsohon miligiram da miligiram, awon kowanne daban.

Sadiq_Funtua
To idan an ce ƙunshin yana kai magani kai tsaye cikin ƙari ya bar sauran jiki, me ya hana ya fi tsohon warkarwa? Nan ne na kasa ganewa.

Malam_Kimiyya
Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Duk ginin ya tsaya ne a kan wani bincike da masana biyu na Japan, Matsumura da Maeda, suka wallafa a 1986. Sun lura cewa jijiyoyin jinin da ƙari ke ƙirƙira wa kansa cikin gaggawa suna da ɓuraguzan ramuka a bango, kuma ƙari ba shi da magudanar ruwa mai kyau. Sai aka ce ƙwaya mai girman nanomita 100 ba za ta iya fita ta lafiyayyar jijiya ba, amma za ta zurara ta ramukan jijiyar ƙari ta maƙale a ciki.

A 2016 rukunin Warren Chan na Jami'ar Toronto suka tattara rahotanni 117 na shekara goma, duk na dabbobi, suka duba nawa ne daga abin da aka yi allura ya isa ƙarin. Tsaka-tsakin adadin kashi 0.7 ne cikin ɗari. A cikin ƙwaya dubu, bakwai. Sauran ga inda suke tafiya. Da ƙwayar ta shiga jini, furotin na jini ya lulluɓe ta cikin daƙiƙoƙi, sai ya rufe ɗan makullin da aka sha wahalar manna mata don ta gane sankara. Wannan lulluɓin kuma shi ke sanar da ƙwayoyin garkuwa na hanta da saifa cewa ga baƙo, su haɗiye ta. Wadda ta gaza nanomita 6 ƙoda ta tace ta ta fita a fitsari. Wadda ta haura 200 saifa ta riƙe ta. Wadda ta isa ƙarin ma sai ta tarar da ruwan da ke cikinsa yana turowa waje da ƙarfi, ga kuma tauri na zaruruwan nama, musamman a sankarar fankiriyas, sai ta tsaya a bakin jijiya ba ta kai tsakiya ba.

Injiniya_Maradi
Ranka ya daɗe Malam, wannan kashi 0.7 an yi ta jayayya a kansa, ya kamata a faɗa. Masana harhaɗa magunguna sun ce ba a auna magani da kason allurar da ya isa ƙari. Ana duba yawansa a cikin ƙarin ne da daɗewarsa a wurin, idan aka kwatanta da maganin da ba a ƙunshe ba. Kemo na yau da kullum ma ɗan kaɗan ne daga cikinsa ke isa ƙari, amma ga shi yana warkar da sankarar maraina da ta Burkitt da ke kumbura muƙamuƙin yara. Kada mutane su ɗauki 0.7 su ce an kashe magana.

Malam_Kimiyya
Gaskiya ne Injiniya, ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Amma ya rushe da'awar da ake yi a talla, cewa ƙwayar tana tafiya kai tsaye ga sankara ta bar sauran jiki. Mafi yawanta hanta da saifa take tafiya. Kuma wannan rukunin na Toronto sun sake fitar da aiki a 2020 wanda ya nuna ramukan ba su da yawa kamar yadda aka zata, har kashi 97 na ƙwayoyin da suka shiga ƙari ƙwayoyin bangon jijiya ne suka haɗiye su suka tsallakar da su. Idan haka ne, shekara talatin ana ƙera su don wata ƙofa, alhali ta wata suke shiga.

Bashir_Lissafi
Ku ƙara da batun ɓera, domin nan ne yawancin labaran nasara ke haihuwa. Nauyin ɓeran gwaji giram 20 zuwa 25 ne. A dasa masa ƙwayoyin sankara ƙarƙashin fata, cikin mako biyu zuwa uku ƙari ya kai giram 1. Wato kashi 4 zuwa 5 na jikinsa ke nan. Mutum mai kilo 70 da ƙari mai giram 10, ƙarin bai kai kashi 0.02 na jikinsa ba, don haka jinin da ke bi ta cikinsa ɗan kaɗan ne daga wanda zuciya ke turawa. Ƙarin ɓera ya girma cikin gaggawa, jijiyoyinsa sun fi yoyo. Na mutum ya yi shekaru yana girma, yana da ƙwayoyi iri-iri a ciki, wasu sun riga sun bijire wa magani. Sau da yawa kuma ɓeran an cire masa garkuwar jiki don kada ya ƙi dashen. Sannan abin da ke kashe mutane yawanci ba ƙarin farko ba ne, yaɗuwa ce zuwa hanta da huhu da ƙashi.

Lissafin da masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka suka fitar a 2019 ya nuna cewa cikin magungunan sankara da suka shiga matakin farko na gwaji a jikin mutane, kashi 3.4 ne suka kai ga samun izini. Waɗannan fa sun riga sun ci jarrabawar ɓera. A 2012 kuma masana na kamfanin Amgen suka ba da rahoton cewa sun yi ƙoƙarin maimaita manyan bincike 53 na sankara da aka yi a ɗakin gwaji, 6 kawai suka tabbata.

DanKumasi
Ni duk ban yarda ba. Maganin yana nan, kamfanoni ne ke ɓoyewa saboda kemo ya fi kawo kuɗi.

Famasist_Nura
Ɗan'uwa, duba yadda suke yi idan sun samu mai warkarwa. A 2013 kamfanin Gilead ya fito da Sovaldi mai warkar da ciwon hanta nau'in C, ya sa masa dala 84,000 a kan shan mako 12 a Amurka. Ba ɓoyewa suke yi ba, tsada suke sa masa, kuma wannan shi ne zaluncin da ya kamata a yi magana a kai. Ta ɓangaren nano kuwa, kamfanonin ne suka yi asara. BIND Therapeutics, wanda manyan masanan MIT da Harvard suka kafa, ya ƙera BIND-014, docetaxel a ƙunshi mai makullin gane sankara. A dabbobi ya burge, a mutane sakamakon bai kai ba, kamfanin ya durƙushe a 2016, Pfizer ya saye kadarorinsa a kan dala miliyan 40. A wannan shekarar CRLX101 na kamfanin Cerulean ya faɗi a gwajin sankarar ƙoda. ThermoDox ƙunshi ne da ke fashewa idan zafi ya kai kusan digiri 40, a haɗa shi da ƙona ƙarin hanta da allura mai zafi. An gwada shi a mutum 701, a 2013 aka sanar bai cim ma abin da aka sa a gaba ba. Suka ce ai waɗanda aka daɗe ana ƙona musu sun amfana, suka sake wani gwajin, shi ma ya faɗi a 2020.

Yusuf_Mai_Hoto
Akwai kuma reshen masu zafi, wanda ya fi kowanne kyau a talabijin. John Kanzius injiniyan rediyo ne a Pennsylvania, yana fama da sankarar jini, ya ƙera na'urar da ke tura igiyar rediyo ta dumama ƙwayoyin zinare ko na gawayi a cikin ƙari. Shirin 60 Minutes ya nuna shi a 2008, aka tara miliyoyin daloli, an gwada a zomaye a cibiyar MD Anderson. Ya rasu a 2009, gidauniyar da ke ɗauke da sunansa ta rufe a 2014, na'urar ba ta zama magani a asibiti ba.

A Jamus kamfanin MagForce ya samu izinin Turai a 2010. Ana tsira ruwan ƙwayoyin ƙarfe kai tsaye cikin ƙarin ƙwaƙwalwa, a sa kan mutum cikin maganaɗisu mai juyawa sau 100,000 a daƙiƙa, ƙarfen ya ɗauki zafi. Ga wahalhalun: sai an cire duk wani ƙarfe da ke kusa, har cikon haƙori. Ƙarfen da ya zauna a ƙwaƙwalwa yana ɓata hoton MRI, sai bibiyar ƙarin ta yi wuya. Ruwan ba ya bazuwa daidai, wani gefe ya ƙone, wani ko ɗumi bai yi ba, kuma duk inda babbar jijiya ta ratsa, jini na kwashe zafin. Gwajin da suka dogara da shi mutum 59 ne, babu rukunin kwatance. Kamfanin ya durƙushe a 2022.

Ummu_Safiyya
Malam Yusuf, to maganin zinaren nan na Masar fa? Masu zuwa Alƙahira jinya suna yawan ambatonsa.

Yusuf_Mai_Hoto
Hajiya, sunan da ake jingina shi gare shi Farfesa Mustafa El-Sayed ne, Bamisire masanin kimiyyar sinadarai a Georgia Tech, babban masani na gaske. Ƙananan sandunan zinare suna shan hasken lesa mai tsawon zango kusan nanomita 800 su mayar da shi zafi. An gwada a karnuka da kyanwoyi masu ƙarin nono a Masar. Matsalar ita ce hasken ba ya ratsa nama da ƙarfinsa fiye da 'yan milimita zuwa santimita guda, don haka sai ƙari na kusa da fata, ko a tsira zaren haske har cikinsa. Kuma zinare ba ya narkewa, yana zama a hanta da saifa tsawon lokaci. Mafi nisan da na sani a wannan layin shi ne na masanan Jami'ar Rice a Texas, da aka wallafa a 2019: maza 16 masu sankarar furostet wadda ba ta bazu ba, aka yi musu ƙarin ruwan ƙwayoyin, washegari aka tsira zaruruwan lesa. Sakamakon ya yi kyau. Amma mutum 16 ne, kuma irin sankarar da take da wasu hanyoyin magani tabbatattu. Duk wanda ya ce zai warkar da sankarar da ta bazu da zinare a karɓi kuɗinka, ka nemi takardar izinin hukumar magunguna ta ƙasar.

Injiniya_Maradi
Kun lissafa waɗanda suka faɗi, bari in lissafa waɗanda suka tsaya, don adalci. Vyxeos, 2017: magunguna biyu na sankarar jini a ƙunshi guda, cytarabine kashi biyar, daunorubicin kashi ɗaya, ƙunshin yana riƙe wannan awon har ɓargo. A tsofaffi masu shekara 60 zuwa 75 tsawon rayuwa ya tashi daga wata 5.95 zuwa 9.56. Wannan nano ne ya fi tsohon a gwajin da aka raba mutane ta ƙuri'a. Hensify na Faransa, 2019, ana tsira shi cikin ƙari ya ƙara wa gashi ƙarfi, waɗanda ƙarinsu ya mutu kusan gaba ɗaya suka ninka daga kashi 8 zuwa 16. Rigakafin korona na Pfizer da Moderna ma ƙunshin kitse ne na nano ya ɗauki saƙon RNA da ke koya wa garkuwar jiki, kuma da wannan fasahar ake gwada rigakafin dawowar sankarar fata yanzu. Ilimi a hankali yake tafiya. Idan muka koya wa mutane raina bincike, gobe za su raina wanda ya tabbata.

Dr_Halima
Na yarda da kai Injiniya, kuma lambobin da ka kawo su ne irin maganar da nake so a riƙa yi. Ka ga dai watanni ne. Abraxane tare da gemcitabine a sankarar fankiriyas, wata 8.5 maimakon 6.7. Onivyde, wata 6.1 maimakon 4.2. Ga mai jinya wata biyu ba abin rainawa ba ne, wani a cikinsu zai aurar da 'yarsa. Amma iyalin da za su sayar da gona ya kamata su san wata biyu suke saye, ba waraka ba. Ba laifin nano kaɗai ba ne: an duba magunguna 71 da FDA ta amince da su don ƙari tsakanin 2002 da 2014, tsaka-tsakin abin da suka ƙara wa rayuwa wata 2.1 ne.

Zuzutawar ma ba yau ta fara ba. A watan Mayun 1998 jaridar New York Times ta buga a shafin farko cewa endostatin da angiostatin, magungunan gwaji na likita Judah Folkman, sun share ƙari a ɓeraye, har aka ruwaito masanin DNA James Watson yana cewa Folkman zai warkar da sankara cikin shekara biyu. Shi Folkman da kansa cewa ya yi idan kana da sankara kuma kai ɓera ne, za su iya kula da kai sosai. Tunanin nasa na toshe jijiyoyin ƙari bai mutu ba, ya haifar da Avastin a 2004, wanda ya ƙara kusan wata biyar a sankarar hanji, amma a 2011 FDA ta janye izininsa a sankarar mama. A 2003 shugaban Cibiyar Sankara ta Amurka ya sa burin kawar da wahala da mutuwa daga cutar nan da 2015. A Janairun 2019 wani kamfani a Isra'ila ya ce cikin shekara guda zai kawo cikakkiyar waraka, alhali ɓeraye kawai ya gwada.

Bashir_Lissafi
An ma auna wannan zuzutawar. Wani bincike a mujallar JAMA Oncology ya duba labaran jarida 94 da suka kira magani da kalmomi irin su mu'ujiza ko juyin juya hali. Magunguna 36 ne. Rabinsu ba su da izinin FDA, biyar daga ciki ko mutum ɗaya ba a gwada su a kansa ba.

Ummu_Safiyya
To wanda aka ce ya warkar da kowa ɗari bisa ɗari a New York fa? Shi ma ƙarya ne?

Dr_Halima
A'a Hajiya, wannan gaskiya ne, amma ba nano ba ne, kuma kanun labarin ya yanke rabin maganar. Dostarlimab ne, mai sakin garkuwar jiki, aka bayar duk mako uku na wata shida a asibitin Memorial Sloan Kettering. Rahoton 2022 mutum 12 ne, duka ƙarinsu ya ɓace. Dukansu sankarar dubura ce da ba ta bazu nesa ba, mai wata tawaya ta musamman wajen gyaran DNA, wadda ake samu a kashi 5 zuwa 10 kawai na masu wannan cutar. Sai an ɗebi nama an yi masa gwajin wannan tawayar kafin a san ko mutum yana ciki. Wanda ba ya ciki, maganin ba zai yi masa wannan aikin ba.

Nas_Rabi
Mu ma fa an taɓa kawo mana kalmar nano har gida. Watan Agustan 2014, lokacin Ebola a Legas, Ministan Lafiya Farfesa Onyebuchi Chukwu ya sanar cewa an ba da gudummawar wani magani na gwaji, Nano Silver. Hukumomin Amurka suka yi gargaɗi, kafin 'yan kwanaki aka ce bai cika sharuɗɗan ɗa'ar bincike ba, aka ajiye shi. A watan ne kuma aka yi wankan gishiri. Har yau ana sayar da ruwan azurfa a intanet ana cewa yana kashe sankara. Wanda ya daɗe yana sha, azurfar na taruwa a fata ta koma ruwan toka mai shuɗi, kuma ba ta komawa.

DanKumasi
To ai shi ya sa mutane ba sa yarda da gwaji. Kano ba ta manta da Trovan ba.

Malam_Kimiyya
Da hujjarka. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wannan maganin da yara kusan 200, rabinsu aka ba shi, rabi wani maganin, jimilla 11 suka rasu, kuma shari'ar ta tsaya ne a kan rashin cikakken izinin iyaye da takardar kwamitin ɗa'a. Darasin shi ne a tsananta ƙa'idar gwaji. Mai lambar wayar da ke ƙarshen bidiyon Malam Sadiq ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idojin, gwaji zai yi a jikinka kuma kai za ka biya.

Famasist_Nura
Ga yadda za a bincika kowace irin da'awa cikin minti goma. A nemi ainihin sunan maganin, domin "fasahar nano" ba suna ba ne. A sa sunan a shafin ClinicalTrials.gov, kowane gwaji yana da lamba mai farawa da NCT da alƙaluma takwas, na Afirka kuma akwai rajistar PACTR. A duba mataki. Na farko mutum 20 zuwa 80 ne, awon da jiki zai iya ɗauka ake nema, ba waraka ba. Na biyu yana duba ko ƙarin na raguwa. Na uku ne ake raba ɗaruruwa ta ƙuri'a a kwatanta da maganin da ake da shi. A duba wace sankara ce, a wane mataki. A duba me aka auna, domin raguwar ƙari a hoto daban, ƙarin tsawon rai daban. Idan aka ce haɗari ya ragu da rabi, a tambaya daga nawa zuwa nawa. Gwaji na gaskiya yana da takardar yarda da za ka karanta ka sa hannu, da izinin kwamitin ɗa'a, kuma a ƙa'ida ba a sayar maka da maganin da ake gwadawa. Na cikin kwali a Najeriya kuma a duba lambar NAFDAC.

Ko na gaskiyar ma ƙera shi wuya ne. A da masana'anta guda a Ohio ce ke yin Doxil, da ta samu matsalar inganci a 2011 sai ya yi ƙaranci, har FDA ta ba da izinin shigo da Lipodox daga Indiya a 2012. Idan girman ƙwayar ya kauce ko ƙunshin ya yi yoyo a kwalba, wani magani ne daban. Ba abin da za a haɗa a bayan shago ba ne.

Dr_Halima
Abin da ke ci mini rai shi ne abubuwan da suka tabbata ba sa samun bidiyo. Rigakafin HPV ya shiga tsarin Najeriya a Oktoban 2023, allura ɗaya kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, yana hana yawancin sankarar bakin mahaifa. Rigakafin ciwon hanta nau'in B a ranar haihuwa, da shanya gyaɗa da masara su bushe sarai don kada su yi fumfuna, suna rage sankarar hanta. Imatinib tun 2001 ya mayar da wani nau'in sankarar jini cutar da ake rayuwa da ita shekaru da ƙwaya ɗaya a rana. Kullutu a mama idan aka kawo shi yana ƙarami ana warkewa. Masu bincike na Yale sun nuna a 2018 cewa waɗanda suka bar maganin asibiti suka koma wata hanya kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama fiye da sau biyar.

Injiniya_Maradi
Ba na musun ko ɗaya Dakta. Ni dai har yanzu ina ganin ƙunshin da ke ɗaukar saƙon RNA zai yi abin da na kemo bai yi ba, domin shi ba ya bukatar isa cikin ƙari, garkuwar jiki kawai zai koya wa. A gwajin Moderna da Merck na mutum 157 haɗarin dawowar sankarar fata ko mutuwa ya ragu da kashi 44.

Bashir_Lissafi
Mataki na biyu ne wannan Injiniya, kuma an haɗa shi da Keytruda, maganin da ke sakin garkuwar jiki, a mutanen da aka riga aka yi wa tiyata aka cire ƙarin. Kowane mutum sai an karanta DNA na ƙarinsa an ƙera masa nasa, abin da ke ɗaukar makonni. ThermoDox ma ya yi kyau kafin a kai shi ga ɗaruruwa. Mataki na uku ne zai raba gardama.

Sadiq_Funtua
Na gode muku, Allah ya ƙara ilimi. Saura guda: wasu masu kemo suna shan ƙwayar kurkum da aka rubuta nano a jikin kwalbar. A hana su ko a ƙyale?

Famasist_Nura
Kurkum na miya ba matsala. Na kwalba da aka sarrafa don hanji ya tsotse shi da yawa, ko aka haɗa da sinadarin masoro, an samu rahotannin ya ji wa hanta rauni a Italiya da Amurka, kuma babu gwajin mataki na uku da ya nuna yana warkar da sankara. Doxorubicin da paclitaxel duka ta hanta suke fita, idan ta raunana sai su taru su yi wa ɓargo illa. Mai sha ya dakata, ya kawo kwalbar wajen likitansa a gani, a yi masa gwajin hanta kafin zagayen kemo na gaba.